Safara'u da Famfon Gidan Mai Sikeli

Ran Larabar da ta wuce na biya gidan Sallau don in yi azahar a zaurensa, saboda masallacin tasha ya yi mini nisa, rana kuwa ta buɗe kamar da gayya. Na tarar da buta a bakin ƙofar tsakar gida, cike taf. Na tsuguna, na naɗe hannun riga, na yi bisimilla, na tuttula ruwa a tafin hannuna. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Ihun da na yi, kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya, wani mai tallan goro da ke wucewa ta waje ya tsaya yana tambaya ko jirgin Nguru ne ya iso da wuri. Ashe ruwan yanzu aka sauke shi daga wuta, matar gidan ta zuba za ta gasa wa mijinta ƙafa.

Ta leƙo daga madafi da ludayi a hannu, ta dube ni ina yarfe yatsu ina tsalle, ta ce, "Sannu bawana. Ka rage mini ko kaɗan ne, da itace na dafa shi."

Safara'u ke nan. Taubashiyata ce, 'yar kawuna Rabe, ƙanen mahaifiyata. Ina ce mata baiwata, tana ce mini bawanta, ga shi duk mun fara furfura ba a yanke hukuncin wanda ya mallaki wani ba. Ni Ɗanjuma nake, tela a tashar Gagarawa. Tun da hannuna ya kumbura ba zan iya riƙe almakashi ba, bari in riƙe alƙalami in rama, in ba ku labarin matar nan da ruwan zafi, don ba yau suka saba ba.

An haife ta a wani ƙauye na ƙasar Sule Tankarkar, inda rijiya ke da zurfin da in ka jefa guga sai ka gama gaisawa da kowa a wurin kafin ka ji ya taɓa ruwa. Kawu Rabe ɗinkin wasaki yake yi, wato babban gugan fata. Ba shi da ɗa namiji a lokacin, sai ita ke riƙe masa fata yana huda, tana shafa wa ɗinki man shanu, har ta iya. Kafin ta isa aure, igiyar rijiya ta mai da tafin hannunta kamar bayan kunkuru. Ta taɓa marina sau ɗaya muna yara, har yau in hadari ya haɗo kunnen nan yakan yi mini ƙara.

Abin da ta taso da shi, ba ta iya ganin ruwa yana zuba a banza. Ruwan da ta wanke hatsi da shi, akuya ce za ta sha. Wanda ta ɗauraye kwano da shi, na gindin lalle ne. In baƙo ya sha ya rage a moɗa ya watsar, ba za ta ce masa komai ba, amma zai ga kallon da zai sa ya rasa inda zai ajiye idonsa. Ƙwaryar da ta tsage kuwa, ba ta yar da ita. Akwai wata a ɗakinta da ɗinki ya fi ƙwarya yawa.

Ta auri Sallau suka dawo Gagarawa, bakin tasha. Sallau mutum ne shiru-shiru, in ka gaishe shi da safe sai wajen hantsi amsar ta iso. Jaki gare shi da garewani huɗu. Ita kuma tana suyar ƙosai ana kai wa fasinjan jirgi, tana kuma yi wa matar wani Kwara wanki.

Kwaran nan, wato Balaraben Sham, mai sayen gyaɗa ne, sunansa na gaskiya ya fi ƙarfin harshenmu, sai muke ce masa Mai Sikeli. Gidansa na bulo ne da rufin kwano, yana bayan kantinsa. A bayan gidan an gina wani dandamali mai tsawo, an ɗora duro biyu a kai, irin wanda mutanen Damagaram ke ce wa tano. Ɗaya na ruwan sanyi, ɗaya kuma an yi masa murhu a ƙarƙashi. Daga kowanne bututun ƙarfe ya fito ya huda bango ya shige ɗakin wanka. Aikin Sallau shi ne ya cika su da safe, ya hura wuta a ƙarƙashin na zafi. Ya yi shekaru yana wannan aiki, yana zuba ruwa a sama, ruwa yana shigewa bango. Abin da ruwan ke yi bayan ya shige, bai taɓa gani ba, bai kuma taɓa tambaya ba.

A kakar alif ɗari tara da hamsin da biyar, matar Mai Sikeli ta tafi Kano haihuwa. Aka kulle ɗakin wanka, ba mai shiga sai maigidan. Ba a jima ba sai duron zafi ya fara wani hali. Sallau zai cika shi da safe har baki, kafin la'asar ya koma ƙasa. Ya ƙara sahu. Ya duba gindin duron ko ya huje, lafiya lau. Ya zargi rana, ya zargi Sajo kukun gidan, daga baya har ya zo ya tambaye ni a asirce ko aljanu suna shan ruwan zafi. Na ce masa ai su ma akwai tsofaffi masu ciwon baya a cikinsu.

Wata rana da yamma Mai Sikeli ya shiga wanka, ya shafa sabulu tun daga ka har ƙafa, ya murɗa famfo, famfo ya yi tari ya yi shiru. Washegari kuwa, a gaban sikeli, lokacin da manoma suka cika wurin, ga 'yan dako, ga Buzaye da raƙumansu, ya sa aka kira Sallau.

"Kai Sallau! Ina ruwana?"

"Na zuba, Maigida."

"Ka zuba a ina? A tukunyar masu tuwo? Kana sai da ruwana a kasuwa! Ɓarawon ruwa!"

Sallau ya buɗe baki, amma kun san shi, kafin maganar ta taso daga cikinsa Mai Sikeli ya riga ya gama. Ya ce zai tafi Kano ya ga jariri, in ya dawo ya tarar da duron nan a bushe, Sallau ya ja jakinsa ya bar masa gida.

Korar ma da sauƙi. Sunan ne ya kama. 'Yan dakon tasha ba su da aiki tsakanin buhu da buhu sai neman abin dariya, sai ga shi an ba su kyauta. In Sallau ya wuce sai ka ji, "Ku rufe randunanku!" A bakin rijiya wata ta janye tulunta daga kusa da shi, wai wasa take yi. Mutumin da ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba, ya koma bin bayan gari in zai je gida. A makon nan na ci ƙosan Safara'u da ya ƙone, abin da ban taɓa gani ba tun da ta fara suya.

Jaki ne ya tona asiri. Safara'u ta kai wa mijinta fura gidan Kwara da rana, sai ta ga jakin yana fizgewa yana son zagayawa bayan katanga, Sallau yana janyo shi yana ce masa marar kunya.

Ta ce, "Malam, kullum haka yake yi?"

"Kwanan nan dai ya ɗauko halin."

"To sake shi mu gani."

Jaki ya zagaya, suka bi shi. Damina ta daɗe da ɗaukewa, ko'ina ya bushe, amma a gindin bangon ɗakin wanka ga ciyawa kore shar, har da wata 'yar kabewa ta fara yaɗo. Safara'u ta durƙusa ta tona da hannu. Ƙasar a jiƙe take, kuma da ɗumi.

Ta ce, "Malam, ga mai sayen ruwanka nan."

Nan take ta aiko a kira ni, wai in zo da kayan gyara. Dalili kuwa, duk tashar nan in ka cire mutanen reluwe, ni ne ake ganin na san ƙarfe, tun da nakan kwance keken ɗinkina in mai da shi, ko da yake kullum sai wani ɗan noti ya ragu. Na ɗauki sufanar keken da 'yar butar mai, na sa babbar riga don aikin gidan Kwara ne, na tafi.

Mai Sikeli ya bar wa Sajo mabuɗi. Sajo ya buɗe ƙofar ɗakin wanka ya koma gefe ya ce, "To, bisimilla Sallau."

Sallau ya ja da baya kamar an nuna masa maciji. "Ni? In shiga inda matar wani ke tuɓe zane? Allah ya kiyaye."

Na ce, "Haba Sallau, matar nan tana Kano."

"Ko tana Makka. Wurinta ne."

"Sunanka fa ake magana."

"In na shiga kuma wane suna zan fito da shi?"

Na ce to shi ke nan, ni zan sadaukar da kaina. Na tattare riga zan wuce, Sajo ya tare ƙofa da hannu. Ya ce, "Kai tela, da bakin nan naka? In ka shiga, kafin magariba mutanen Maigatari sun san launin sabulun uwargida. Ni ma da nake gidan, madafi ne iyakata."

Safara'u ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, maza uku a ƙofar ɗaki ɗaya. Ta gyara ɗaurin zane ta ce mini, "Miƙo ƙarfen naka." Ta shige.

Mu kuma muka zagaya bayan ɗakin, inda wata 'yar taga take can sama. Na jawo turmi zan taka in leƙa don in riƙa ba ta umarni, Sallau ya riƙe mini riga. Wai leƙe ma shiga ne. Haka na tsaya ina magana da bango.

"Baiwata, me kika gani?"

Muryarta ta fito ta taga. "Ga bahon nan kamar kwalekwale. Ga kawunan famfo biyu. Ɗaya tsaye yake daram, ɗaya kuwa yana lilo kamar haƙorin tsohuwa."

"Yana ɗiga?"

"Ta baki ba ya ɗiga. Ta wuya yake tsiyaya, yana bin bango ta bayan baho yana shigewa ƙasa. In ba ka kwanta ka leƙa ba, ba za ka gani ba."

Sallau ya sauke wata ajiyar zuciya da ta kusa ɗaga mini hula.

Na ce, "Kama wuyan da sufana ki ɗaure."

Sai ga sufanata ta fito ta taga ta faɗo a gabana. "Wannan ko ɗan yatsan famfon ba ta kama ba. Ka ajiye ka riƙa sakace da ita."

Raina ya ɗan sosu, don a gaban mutane ne. Na ce a raina bari in nuna musu aikin sani. Na ɗaga murya na ce, "To jijjiga shi da ƙarfi mu ji inda yake ciwo. Haka ake yi wa ƙarfe."

Ta jijjiga. Kun dai ji irin hannun da na ce tana da shi. Muka ji ƙwal, sai shaaa, sai tururi ya fara fitowa ta taga.

"Innalillahi! Ya fita! Ku tsai da ruwan zafin nan!"

Ashe da ƙyar yake maƙale. Kuma abin da ba wanda ya tuna a cikinmu, Sallau bai fasa hura wuta ba ko ran guda tun da maigidan ya tafi, don tsoron kada ya sauko daga jirgi ba zato ya tarar da ruwa da sanyi. Duron cike yake, yana huci.

Sallau ya ruga ya zare itatuwa daga murhu, ya watsa ƙasa a kan garwashi, ya dawo yana haki. "Na kashe wutar!"

"Malam, ka kyauta, amma ruwan bai ji labari ba!"

Muka zagaya duro muna neman abin murɗawa, babu. Wanda ya haɗa bututun nan bai taɓa tunanin ran da za a so tsai da shi ba. Na ce a bari kawai ya tsiyaye, in ya ƙare ai zai tsaya da kansa.

"Ɗanjuma, kai ka jawo shi daga rijiya? Na toshe ramin bahon yana tarawa, na danna tawul a bakin bututun da katakon wanki, amma yana ƙona ni. Malam! Ta ina ruwan ke fita daga duron?"

"Wani rami ne can ƙasa, ta ciki."

"Toshe shi!"

"Da wane hannun? Ai sai a sauke ni da dafaffen nama."

Sai ta ce, "Muciya. Babbar muciyata ta tuwon biki, tana jingine a bayan rumbu. Bawana, ruga!"

Sajo ba shi da muciya, don Kwara burodi yake ci. Sallau kuma shi zai hau tsani. Saura ni. Tafiyar ba ta dame ni ba, dawowar ce. Hanya mafi kusa ta tsakiyar kasuwar tasha ta bi, ga ni dattijo da gemu da babbar riga, ina gudu, na saɓa muciya a kafaɗa kamar mai zuwa yaƙi.

"Tela, yau kai ke da girki?"

"A'a, ku ba shi hanya, tuwonsa zai yi gudaji!"

Wani mahauci ya bar nama ya biyo ni da faranti wai in zuba masa na sisi. Ni da ban taɓa barin magana ta kwana a kaina ba, ran nan ko ɗaya ban rama ba, numfashin bai ishe ni ba.

Sallau ya naɗa tsumma a kan muciya, ya hau tsani, ya kau da fuska daga tururi, ya yi ta lalube har ya dace da ramin, ya danna. Muka kasa kunne. Ƙarar ruwa ta ragu, ta koma ɗis, ɗis, ta tsaya.

Ta ce, "Yauwa. Riƙe nan, kada ka motsa."

Haka ya tsaya a kan tsani, rana tana dukansa ta sama, tururi ta ƙasa. Ita kuwa ta shiga aiki irin wanda ta sani. Ta ce a miƙo mata guntun igiyar rama, ta warware ta, ta naɗa zaren a wuyan famfon inda ake murɗawa. Ta tarar da wata 'yar baƙar roba a ciki da ta rududduge, sai ta sa aka yanko mata fata daga tsohon wasakin Sallau, ta yanka ta daidai gurbin, ta ga kamar ta yi kaɗan, ta ƙara wata. Ta karɓi man shanu wajen Sajo ta lafta, yadda takan yi wa ɗinkin mahaifinta. Sannan ta mai da famfon, ta naɗa jiƙaƙƙen tsumma ta murɗa da hannu biyu har muka ji ƙarfe yana kuka.

"Malam, zare."

Ya zare muciya. Muka jira. Ta ce ko gumi wuyan bai yi ba. Ruwan da ya taru a baho kuwa, ba ta bari an zubar ba, da bokiti ta riƙa miƙowa ta ƙofa ana mayarwa duro.

Washegari duro ya wuni cike. Jibi ma haka. Sallau har ya fara bi ta cikin kasuwa. Jaki ne kaɗai ya yi fushi.

Mai Sikeli ya sauko a jirgin yamma. Labari ya riga ya zaga, don haka ni da Sallau da Safara'u muna bayan gidan muna jira, ita wai ta zo karɓar wanki, ni kuma na zo raka ta. Ya hau tsani da kansa ya leƙa, ya ga ruwa har baki, ya yi gyaran murya, ya shiga wanka. Sallau ya dube ni, na dube shi, har mun fara murmushi.

Sai muka ji ihu. Ya fito ɗaure da tawul, jikinsa yana ƙyalli kamar an soya shi, yana shinshina hannunsa.

"Sallau! Da kana sai da ruwana, yanzu kuma nama kake dafawa a durona? Wari! Mai! Ka mai da ni miya!"

Warin har inda muke. Wanda duk ya taɓa wucewa ta gidan da ake dafa ganda ya san shi. Fatar da ta yi shekaru tana shiga rijiya lafiya, ba ta taɓa gamuwa da tafasasshen ruwa ba. Kwana biyu tana dahuwa a wuyan famfo, ita da man shanu.

Sallau ya sunkuyar da kai. Na san ba zai ce matarsa ce ta yi ba, ko za a yanka shi. Na buɗe baki in yi bayani, sai na tuna wanda ya ce a jijjiga, na rufe.

Safara'u ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya gefe don mutumin ba riga a jikinsa, ta ce, "Maigida, a sa riga tukuna, akwai magana."

Ban taɓa ganin an ba Mai Sikeli umarni ya bi ba sai ran nan. Da ya dawo, ta kai shi bayan katanga ta nuna masa ciyawa da kabewa, ta ce ya taɓa ƙasar, yanzu ta fara bushewa. Ta gaya masa yadda famfon ke lilo, da inda ruwan ke bi, da abin da ta cusa a ciki. Ta ce, "Warin nan nawa ne, ni na yi kuskure, na ɗauka fata fata ce ko'ina. Amma ruwanka ba wanda ya sayar. Bangonka ne ya sha."

Ya shiga ya kwanta a ƙasa ya leƙa bayan baho, ya ga sawun tsatsa inda ruwa ya daɗe yana bi. Ya fito yana kaɗe gwiwa. Ya ce dama ya lura famfon yana motsi, amma bai ɗauka wani abu ba ne. Sai ya tambaya yadda aka yi aka tsai da ruwan zafi, don shi a saninsa sai an kira mai gyara daga Kano. Sallau ya ɗauko muciya ya nuna masa. Mai Sikeli ya dubi muciya, ya dubi duro, ya fashe da dariya har tumbinsa yana rawa.

Ya aika kanti aka yanko guntun tsohon tub na tayar lori. Aka sake aikin tun daga farko, Sallau a kan tsani da muciya, ita a ciki. Abin da ta ciro daga wuyan famfon, fatar ta yi laushi luguf, in da gishiri da barkono da an ci. Ta wanke man, ta sa roba a madadin fata, ta sake naɗa rama, ta ɗaure. Wannan karon Mai Sikeli ya yi wanka ya fito da ƙamshin sabulu.

Ya ce Sallau ya ci gaba da aikinsa. Ya shiga kanti ya fito da turmin atamfa, mai kyau kuwa, ni na san kaya, ya miƙa wa Sallau ya ba matarsa. Ni har na fara auna rigar a raina.

Ba ta karɓa ba. Ta ce, "An gode, Allah ya ƙara arziki. Amma ba a kanti aka ce masa ɓarawo ba."

Mai Sikeli ya ce, "To ai na ce ya ci gaba da aiki."

"A nan ka ce, mu uku muka ji, da jaki. Waccan maganar kuwa a gaban sikeli ka yi ta."

Sallau ya ce a hankali, "Ke, ya isa."

"Bai isa ba, Malam. Ni nake zuwa rijiya."

Mai Sikeli ya tsaya da atamfa a hannu, fuskarsa ta yi ja. Na ɗauka ma aikin da aka samu zai sake suɓucewa. Ya juya ya shige gida. Muka koma, ba mai magana, har ni.

Washegari da hantsi, lokacin da gaban kanti ya cika, ya sa aka kira Sallau. Ya hau kan buhun gyaɗa, ya buga ƙarfen sikeli har aka yi shiru. Ya ce da ƙarfi, da Hausar nan tasa mai tuntuɓe, "Sallau ba ɓarawo ba ne. Famfona ne ya lalace. Ni na yi kuskure. Wanda ya sake kiransa ɓarawo, ba zai ƙara ɗaukar buhuna ba." Ya sauko ya ce a ci gaba da awo.

Sai wani tsohon ɗan dako, wanda shi ya fi kowa tsokana a da, ya zo ya miƙa wa Sallau hannu ya ce, "Ka yafe mu, Malam Sallau." Sallau ya buɗe baki zai amsa, muka jira, muka gaji, ya gyaɗa kai kawai, ya ja jakinsa ya bi ta tsakiyar kasuwa.

Jama'a suka taru a kaina suna son jin yadda aka yi, ni kuwa ba na iya hana mai tambaya. Na hau ba su labari, yadda na gano ciwon famfon ta bayan bango ba tare da na gan shi ba, da yadda na tsara aikin, kowa na ba shi abin da zai yi. Ina cikin bayanin yadda dabarar muciya ta faɗo mini, sai na ga idon mutane ya koma bayana. Safara'u ce, da tiren ƙosai a ka, an aiko mai kai mata tallan ba shi da lafiya.

Ban ji kunya ba. Na ce, "Yauwa, ga baiwata nan, ku tambaye ta. Ke, in ba don ni ba, famfon nan zai ɗauru?"

Ta sauke tire a hankali, ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta ce, "Famfon Kwara dai na ɗaure shi ya yi shiru. Kai ne tun muna yara kake zuba, na rasa muciyar da za ta yi daidai da ramin."